Yadda ake gano abin da ke sa kwansol ɗin Configuration Manager nauyi, da yadda ake gyara shi

Da safiyar Litinin ka buɗe kwansol domin ka tura sabuntawa zuwa kwamfutocin ofis, ka danna Devices, sai 'yar da'irar nan ta kama juyawa. Ka tashi ka gaisa da mutanen ofishin kusa ka dawo, tana nan tana juyi. Yaron da ke koyon aiki a wurinka ya leƙo ya ce, "Malam, abin ga ya ƙi tahiya tun ɗazu, ko in kashe saba in kunna?" Duk wanda ya riƙe kwamfutocin wata ma'aikata a Sakkwato ya san wannan safiya. Kuma amsar da ya kamata a ba yaron ita ce a'a, kada ya taɓa komai tukuna.

Manhajar da nake magana a kanta ita ce Configuration Manager ta Microsoft, wadda ake kula da kwamfutocin ma'aikata da ita daga wuri ɗaya, tsofaffin hannu kuma har yau suke kira SCCM. Ta fara fitowa a 1994 da sunan SMS, shi ya sa za ka ga haruffan nan uku a sunayen fayilolinta ko'ina. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne, kwansol taga ce kawai. Ba ya ajiye komai a cikinsa. Idan ka danna wani abu, yakan aika tambaya ta netwok zuwa wani ɗan aike mai suna SMS Provider, shi kuma ya juya tambayar zuwa harshen SQL, ya miƙa wa rumbun bayanai, rumbun ya karanto daga RAM ko daga faifai, amsa ta biyo hanyar da ta zo. Hannu biyar ke nan abu yake bi kafin ya iso idonka: kwamfutarka, netwok, ɗan aiken, SQL Server, faifai. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ne yake riƙe da amsar, aikinka shi ne ka gano wanne.

Mataki na farko: auna kafin ka gyara

Ɗauko wayarka ka buɗe agogon ƙidayar daƙiƙa, ka samu takarda da biro. Zaɓi ayyuka huɗu da kake yi kullum: buɗe kwansol daga farko har ya tsaya, buɗe Devices, buɗe Device Collections, buɗe All Software Updates. Auna kowanne ka rubuta daƙiƙoƙinsa. Sannan ka maimaita a wurare uku: a kwamfutarka, a ta abokin aikinka, da kuma a kan uwar garken kanta, wato sabar da aka girka shafin a kai (shafi a nan shi ne site, cibiyar Configuration Manager ta ma'aikatarku). Ka yi haka da safe kafin ma'aikata su cika, ka sake bayan azahar, ka sake da yamma in an watse.

Na san mutane suna raina wannan matakin saboda ba ya kama da aikin gwani. Amma wannan takardar za ta rage maka rabin wahala. Idan kwansol yana gudu a kan uwar garke amma yana jan ƙafa a kwamfutarka, to rumbun bayanai lafiyarsa lau, matsalar tana tsakanin teburinka da ɗakin saba. Idan a kwamfutarka kaɗai ne, na abokin aikinka kuwa yana tafiya, kwamfutarka ce. Idan ko'ina nauyi ne har a kan uwar garken, ka bar zargin netwok, ka nufi SQL da faifai. Idan wuri ɗaya ne kawai yake nauyi, misali sabuntawa, sauran kuwa suna buɗewa nan take, to abin da aka tara a wurin ne ya yi yawa. Idan kuma da safe lafiya, amma da rana ta take sai abu ya lalace, to ka karanta mataki na biyu sau biyu.

Ka kuma tambayi kanka yaushe abin ya fara. An ɗaga SQL zuwa sabon zubi? An canza manhajar kashe ƙwayoyin cuta? An ƙara ɗaruruwan kwamfutoci? An ɗauke wuta saba ta mutu ba shiri? Sau da yawa amsar tana cikin wannan tambayar.

Mataki na biyu: tashi ka je ɗakin saba da ƙafarka

Jagororin da ake rubutawa a ƙasashen sanyi ba sa farawa da wannan, amma mu a nan dole mu fara da shi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 sau da yawa. Ƙa'idar da masana sanyaya ɗakunan na'urori suka ba da ita ce iskar da ke shiga gaban saba ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27, kuma yawancin sabobi an ƙera su ne su jure har wajen 35. Idan zafi ya wuce kima, firosesa ba ya mutuwa nan take. Rage gudunsa yake yi da kansa don kada ya ƙone. Saba tana kunne, fitilunta kore, amma tana aiki da kaso kaɗan na ƙarfinta, kai kuma kana can kana zargin manhaja.

Na taɓa shafe kwana biyu ina tonon rumbun bayanai a wata ma'aikata, ashe idan aka koma kan janareto ba a haɗa layin na'urar sanyaya ɗakin saba da shi ba. Saba tana samun wuta, esi ba ya samu. Daga ƙarfe ɗaya na rana ɗakin ya zama tanda. Mai gadi ne ya faɗa mini, da na tambaye shi me ya sa ƙofar ɗakin take buɗe: "Yallaɓai, kukan fankokin ne ya yi yawa, na buɗe su sha iska." Tun daga ranar nake fara shiga ɗakin kafin in buɗe kowane fayil.

In ka shiga, saurari fankoki. Idan suna kuka kamar za su tashi sama, zafi ne. Shiga shafin kula da lafiyar sabar, iDRAC in ta Dell ce, iLO in ta HPE ce, ka duba zafin iskar da ke shiga da tarihinsa. A cikin Event Viewer kuma, ƙarƙashin System, nemi saƙo mai lamba 37 daga Kernel-Processor-Power, wanda ke cewa an taƙaita gudun firosesa. Duba gaban sabar. Ƙurar hunturu da ta shiga daga Nuwamba zuwa Fabrairu takan toshe ramukan iska, sai bazara ta zo ta tarar da su a toshe. A kashe sabar yadda ya dace a ranar da ba aiki, a fitar da ita, a hure ta da abin hura iska, ba da tsumma mai ruwa ba.

Akwai wani abu da zafi yake kashewa a ɓoye: batirin katin RAID, wato katin da ke sarrafa faya-fayan sabar. Wannan ɗan batirin ne yake ba katin damar karɓar rubutu cikin sauri ya riƙe a ma'ajiyarsa kafin ya sauke a faifai. Idan ya mutu, katin yakan daina yin haka don kada bayanai su salwanta in wuta ta ɗauke, sai kowane rubutu ya jira faifai. Gudun rubutu yakan faɗi warwas ba tare da wani ya taɓa komai ba. Shafin iDRAC ko iLO zai nuna maka halin batirin, da kuma ko akwai faifan da ya mutu ake sake gina madadinsa.

Sai batun ɗaukewar wuta. Nemi saƙo mai lamba 41 daga Kernel-Power da mai lamba 6008. Kowannensu yana nufin saba ta mutu ba tare da an rufe ta ba. Ko da babu abin da ya lalace, duk lokacin da SQL Server ya tashi sabo, ma'ajiyarsa ta RAM fanko take, sai ya sake karanto komai daga faifai, ya sake tsara yadda zai amsa kowace tambaya. Wannan ne ya sa na ce kada yaron ya kashe ya kunna: zai share shaidar da kake nema, ya kuma ƙara nauyin na ɗan lokaci. Idan ka ga irin saƙonnin nan sau da yawa a wata guda, batirin UPS ko na inbata ne farkon abin saye, kuma ka gudanar da DBCC CHECKDB a kan rumbun don ka tabbata bai samu rauni ba.

Kafin ka fita, duba tsarin wutar Windows a kan sabar. Yakan zo a kan Balanced. Mayar da shi High performance, amma sai bayan ka tabbata ɗakin yana sanyi, domin zai ƙara zafi.

Mataki na uku: kwamfutarka da hanyar da ke tsakani

Idan awonka ya nuna kwamfutarka ce kaɗai, buɗe Task Manager yayin da kwansol yake juyi. RAM ya cika? Faifai yana kan kashi 100? Kwamfuta mai tsohon faifai mai juyawa da RAM gigabait 4, ga burauza da shafuka ashirin a buɗe, ba za ta ɗauki kwansol da daɗi ba. Tabbatar kuma zubin kwansol ɗin ya yi daidai da na shafin. Idan ya ce akwai sabon zubi, karɓa.

Idan duk kwamfutocin da ke nesa da saba ne, fara da suna. Buɗe PowerShell ka rubuta nslookup da cikakken sunan uwar garken. Amsa ta zo nan take, da adireshin da ya dace. Kuskuren da na fi gani shi ne wani ya sa 8.8.8.8 a matsayin DNS na farko, wato sabar da ke juya suna zuwa adireshi, a kwamfutar da ke cikin domen, wai don intanet ya yi sauri. Sabar Google ba ta san sunan uwar garkenka ba, sai kwamfutar ta yi ta jira kafin ta nemi wata hanya. DNS na kwamfutar domen ya zama na cikin gida, shi kuma ya tura tambayoyin waje.

Daga nan gwada ƙofa:

Test-NetConnection sunan-saba -Port 135

Kwansol yana magana da SMS Provider ta ƙofa ta 135, sannan su koma wata ƙofa da ake zaɓa tsakanin 49152 da 65535. Idan akwai katangar tsaro tsakaninsu da ta buɗe ta farko ta rufe sauran, za ka ga jira mai tsawo sannan kuskure.

Sai ping mai ɗorewa zuwa uwar garken, wato gwajin lokacin da saƙo ke ci ya je ya dawo, na minti biyu ko uku. A cikin gini ɗaya ya kamata ka ga milisakan 1 ko 2, ba tare da ɓacewar ko ɗaya ba. Nan ne masu ofisoshi a ƙananan hukumomi suke shan wuya. Kwansol mai yawan kai-da-komo ne, kafin ya nuna maka allo ɗaya yakan yi tambaya da amsa sau da yawa. A ce sau 200 ne. A cikin gini, a milisakan 2, bai kai rabin daƙiƙa ba. Daga Illela ko Tambuwal ko Sabon Birni ta layin waya mai jinkirin milisakan 100, daƙiƙa 20 ke nan. Ta tsohuwar hanyar tauraron ɗan'adam mai jinkirin wajen 600, minti biyu cur. Ƙara faɗin layi ba ya maganin wannan, domin ba yawan kaya ba ne, yawan zirga-zirga ne. Maganin shi ne kada a girka kwansol a can. A girka shi a wata kwamfuta kusa da saba a cikin Sakkwato, ma'aikacin reshe ya shigo ta Remote Desktop ta cikin VPN, hoton allo kawai ya riƙa tafiya.

Idan kana son ganin abin da kwansol ɗin kansa yake kuka da shi, fayil ɗinsa shi ne SmsAdminUI.log, a cikin jakar AdminUILog da ke ƙarƙashin AdminConsole. Yadda yake zuwa, kurakurai kawai yake rubutawa. Domin ya yi bayani dalla-dalla, buɗe Microsoft.ConfigurationManagement.exe.config a jakar bin, nemi switchValue, canza Error zuwa Verbose, rufe kwansol ka sake buɗewa. In ka gama ka mayar da shi yadda yake.

Mataki na huɗu: karanta SMSProv.log

Gani ya kori ji, kuma a wannan fayil ne za ka ga abin da idonka. Yana kan sabar da SMS Provider yake, a jakar Logs. Idan ba ka san wace saba ba ce, je Administration, Site Configuration, Sites, buɗe Properties na shafin, za ka gani a shafin General. Ka lura, idan akwai ɗan aike fiye da ɗaya, kwansol yakan kama kowanne ya samu. Wannan ne yake sa wani lokaci abu ya yi sauri yau, gobe ya yi nauyi: ɗaya daga cikinsu ne ba shi da lafiya.

Buɗe fayil ɗin da CMTrace, manhajar karanta log da ke zuwa da Configuration Manager, ka ajiye shi gefe guda, kwansol a ɗaya gefen. Danna wurin da yake nauyi ka zuba ido. Za ka ga layin da ya fara da Execute WQL, wato tambayar kamar yadda kwansol ya aiko ta, sai Execute SQL, wato yadda aka juya ta, sai layin da ke faɗin adadin sakamakon da ya dawo. Zaɓi daga layin SQL zuwa layin sakamako, CMTrace zai nuna maka tsawon lokacin da ke tsakaninsu a ƙasa.

Idan tazarar nan ce mai tsawo, daƙiƙa 30 ko 40, SQL ne yake riƙe da amsa. Kwafi tambayar, ka liƙa ta a SQL Server Management Studio, ka gudanar da ita a kan rumbun shafin, wanda sunansa CM_ ne da haruffa uku na lambar shafinka. Idan can ma ta daɗe, ka kama ɓarawon. Idan kuwa SQL ya amsa cikin daƙiƙa ɗaya amma kwansol bai nuna ba sai can, koma kan netwok ko kan ɗan aiken. Duba WmiPrvSE.exe, wanda a cikinsa ɗan aiken yake gudana, a Task Manager na sabar, ka kuma nemi saƙo mai lamba 5612 a Event Viewer, wanda ke nuna Windows ya tsayar da shi saboda ya wuce kason da aka yanka masa.

Mataki na biyar: SQL Server

A gwajina, a nan aka fi samun ciwon, don haka zan daɗe a nan. Amma kafin komai, tabbatar akwai ajiyar rumbun ta jiya, kuma ka san inda take. Kada kuma ka goge layi ko ka canza tebur a cikin rumbun CM da hannunka. Microsoft ba ta goyon bayan haka, kuma ɓarnar da za ta biyo baya ta fi nauyin kwansol muni.

Fara da RAM. A Management Studio danna dama a kan sunan sabar, Properties, Memory. Idan ka ga 2147483647 a gurbin mafi yawa, ba wanda ya taɓa saita shi. SQL zai ci duk abin da ya samu, ya bar Windows da SMS Provider da IIS, sabar yanar gizo ta Windows, suna rububin ragowa. Shawarar Microsoft ita ce, idan SQL yana zaune saba ɗaya da shafin, a ba shi kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari na RAM. Idan sabarsa daban, kashi 80 zuwa 90. Kuma mafi ƙaranci ga babban shafi gigabait 8. A saba mai gigabait 32 da ke ɗauke da komai, nakan fara da wajen 20 in sa ido. Idan sabar ta cikin Hyper-V ce, kashe Dynamic Memory, ka ba ta RAM tsayayye. Ka kuma duba ko an bar tsohon checkpoint, wato hoton halin sabar da ake ɗauka don komawa baya, a kanta. Wani yakan ɗauka kafin sabuntawa ya manta, watanni su wuce, faifan ya yi ta nauyi.

Sai faifai. Buɗe perfmon, ma'aunin aikin Windows, ƙara Avg. Disk sec/Read da Avg. Disk sec/Write na faifan da rumbun yake kai. Lambar a daƙiƙa take, don haka 0.010 milisakan 10 ke nan. Ƙasa da haka lafiya. Idan tana zama sama da 0.020, faifai ya gaji. A cikin log na kurakuran SQL kuma nemi saƙo mai lamba 833, wanda ke cewa wani karatu ko rubutu ya wuce daƙiƙa 15. Idan ka gan shi, babu saitin da zai cece ka, faifan ko katin RAID ne. Duba ma ko faifan bai cika ba, kuma rumbun yana kan tsarin Simple. Idan an mayar da shi Full ba a kuma ajiyar log ɗinsa, fayil ɗin ldf zai yi ta kumbura har ya cinye wuri. Haka tempdb, rumbun wucin gadi na SQL: fayiloli masu girma ɗaya, gwargwadon yawan ƙwayoyin firosesa, kada su wuce takwas da farko.

Yanzu fihirisa. Ka ɗauki rumbun kamar babban kantin littattafai. Fihirisa ita ce takardar da ke gaya wa mai kanti inda kowane littafi yake, ƙididdiga kuma ita ce sanin da yake da shi na yawan kowane iri. Kullum kwamfutoci suna aiko rahoto, ana ƙarawa ana gogewa, fihirisa tana wargajewa, ƙididdiga tana tsufa. Idan ƙididdiga ta ce layuka ɗari ne alhali sun kai miliyan, SQL zai zaɓi hanyar da ba ta dace ba, tambayar daƙiƙa ɗaya ta koma ta minti ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, aikin Rebuild Indexes a kashe yake zuwa. Je Administration, Site Configuration, Sites, zaɓi shafin, buɗe Site Maintenance, ka kunna shi, ka sa masa lokacin da ba kowa. A nan kuma ka haɗa da sanin gida: ka zaɓi lokacin da ka tabbata akwai wuta da sanyi. Daren Asabar ba shi da amfani idan an saba kashe janareto ƙarfe shida na yammacin Juma'a. Ga ƙididdiga, gudanar da wannan a kan rumbun CM bayan an tashi aiki:

EXEC sp_updatestats

Na sha ganin wannan layi ɗaya ya dawo da kwansol hayyacinsa. Wanda yake son tsari mai ɗorewa ya nemi rubutattun umarnin kula da SQL na Ola Hallengren, kyauta ne, kuma masu riƙe da rumbuna a duniya sun daɗe suna aiki da su. Tunda kana cikin Site Maintenance, tabbatar ayyukan da suka fara da Delete Aged suna kunne, su ne masu share tsofaffin bayanai.

Idan nauyin ya fara ne bayan an ɗaga zubin SQL, akwai dalili sananne. Daga SQL Server 2014 Microsoft ta canza yadda injin yake ƙiyasta yawan layuka, kuma wasu tambayoyin Configuration Manager sun fi tafiya da tsohon ƙiyasi. Duba Compatibility level a Properties na rumbun, ƙarƙashin Options, ka gwada shi da abin da Microsoft ta amince da shi ga zubin da kake da shi. Sababbin zubin manhajar, daga mai lamba 1810, suna iya neman tsohon ƙiyasin da kansu a tambayoyin kwansol, wanda wannan ma dalili ne na kada a bar shafi ya tsufa. Kowane zubi wata 18 ake tallafa masa.

Abu na ƙarshe a nan: yayin da kwansol yake juyi, gudanar da sp_who2 ka duba layin BlkBy. Idan akwai lamba a ciki, wani aiki ne ya tare hanya. Sau da yawa wani babban rahoto ne da aka saka ya riƙa gudana tsakiyar lokacin aiki, ko ajiyar rumbu da aka sa ƙarfe goma na safe. Matsar da shi.

Mataki na shida: rukunonin kwamfutoci

Kowane Collection, wato rukunin kwamfutoci, da ke tara mambobinsa ta hanyar tambaya aiki ne a kan SQL. Akwai sabuntawa cikakkiya, wadda take zuwa a kan kwana 7, akwai kuma ta ƙari-ƙari wadda take gudana duk minti 5. Ma'aikaci yakan ƙirƙiri rukuni don aikin rana ɗaya, ya kunna masa ta ƙari-ƙari, ya bar shi shekaru. Microsoft ta ba da shawarar kada masu irin wannan su wuce wajen 200, kuma ƙaramar saba ba za ta kai haka ba ma.

Daga zubi mai lamba 2010, je Monitoring, Collection Evaluation, ka jera rukunonin bisa tsawon lokacin da kowanne yake ci. A tsohon zubi akwai CEViewer da colleval.log. Biyar ɗin da ke sama su ne abin dubawa. Yawanci za ka tarar da tambayar da ke neman sunan manhaja da LIKE, da alamar % gaba da baya, a cikin jerin duk manhajojin da aka girka a duk kwamfutoci. Wannan yana tilasta wa SQL karanta teburin kaf. Sa cikakken suna ko lambar manhajar, ka taƙaita rukunin a kan ƙaramin rukuni maimakon All Systems, ka kashe ƙari-ƙari inda ba a bukata, ka goge wanda babu abin da aka tura masa. Ka kuma raba lokutan sabuntawa cikakkiya don kada duka su tashi a sa'a ɗaya. Management Insights da ke ƙarƙashin Administration zai nuna maka wasu daga cikin waɗannan.

Mataki na bakwai: tarin sabuntawa

Idan All Software Updates ne kaɗai yake nauyi, buɗe saitin Software Update Point ka duba Products da Languages. Idan an yi wa Windows 7, ko tsohon Office, ko harsunan da ba mai amfani da su alama, alhali babu kwamfuta ɗaya da ke bukatarsu, cire. WSUS shi ne sashen Windows da ke kawo jerin sabuntawa. A shafin WSUS Maintenance kunna zaɓuɓɓuka ukun: ƙin sabuntawar da ta ƙare, ƙara fihirisa a rumbun WSUS, da cire wadda ta tsufa. A shafin da ba a taɓa sharewa ba, zagayen farko zai daɗe, bi shi a wsyncmgr.log. A IIS kuma duba WsusPool. Iyakar RAM ɗinsa takan zo a 1843200 KB, wadda ba ta isa, sai ya yi ta faɗuwa yana tashi yana cin firosesar da kwansol yake bukata. Ɗaga ta, ko ka sa 0 idan sabar tana da wadatar RAM. Rukunin sabuntawa ɗaya da za a tura kada ya wuce 1000.

Mataki na takwas: mai kashe ƙwayoyin cuta da akwatunan saƙo

Idan a Task Manager na sabar ka ga MsMpEng.exe na Microsoft Defender ko makamancinsa yana saman jeri, yana binciken fayilolin da bai kamata ba. Keɓe fayilolin rumbun SQL, wato mdf, ldf da ndf, da jakar da aka girka Configuration Manager musamman inboxes, da jakar abubuwan da ake rabawa, bisa jerin da Microsoft ta wallafa. Kada ka kashe shi gaba ɗaya. Leƙa cikin inboxes ɗin ma, musamman statesys.box da dataldr.box da sinv.box da ke ƙarƙashin auth. Fayiloli su shigo su fita. Idan dubbai sun taru ba sa raguwa, shafin ya kasa haɗiye abin da ake aiko masa, kuma yawanci ƙidayar kaya ce da aka sa ta yi yawa, kamar binciken duk fayilolin exe a kowace kwamfuta kullum.

Yadda za ka jera gyaran

Canji ɗaya a lokaci ɗaya. Ka yi shi, ka rubuta ranar da abin da ka canza da yadda yake a da, ka sake auna ayyuka huɗun nan a takardarka. Idan ka canza biyar tare abu ya gyaru, ba ka san wanne ya yi ba; idan ya ƙara lalacewa, ba ka san wanne za ka mayar ba. Ni nakan fara da waɗanda ba sa bukatar kuɗi ko kashe saba: DNS, keɓewar mai kashe ƙwayoyin cuta, iyakar RAM na SQL, ƙididdiga, rukunoni. Hure ƙura, gina fihirisa da canjin batir su jira ƙarshen mako, tare da sanar da mai kula da janareto tun ranar Alhamis.

Idan ka gama duk wannan perfmon yana nuna faifai sama da 0.020, lokacin sayen SSD ya yi, irin na saba, a mayar da rumbun CM da tempdb kansa. A nan takardar awonka za ta yi maka aiki na biyu. Shugaban sashe ba zai saki kuɗi don ka ce "abin yana nauyi" ba. Ka shiga da takarda ka ce, "Ranka ya daɗe, buɗe jerin kwamfutoci yana cin daƙiƙa kaza, mu huɗu muna buɗe shi sau kaza a rana, ga zafin ɗakin da ƙarfe biyu, ga jinkirin faifai, ga abin da muka gyara ba da kuɗi ba, ga abin da ya rage." Ka haɗa da hoton shafin iDRAC ko iLO da na perfmon, da farashin faifai biyu, domin a yi musu madubin juna, da na batirin RAID idan shi ma ya mutu.